Zan Dawo Kansa Gobe

Duk ranar Litinin, kafin kowa ya iso ofis, Mai Naci ya riga ya gama aikinsa ya jera yana jira. Ba mutum ba ne, ɗan shiri ne a cikin kwamfuta, amma sunan ya bi shi har Oga ma haka yake kiransa a taro. Manhajar da suke kula da ita, wadda ke tura wa iyaye saƙon tes idan lokacin allurar rigakafin yaransu ya yi, ba su kaɗai suka gina ta ba. Ta jingina da fakiti sama da ɗari waɗanda wasu mutane can suka rubuta suka sakar wa duniya: wannan na lissafin kwanan wata, wancan na tura saƙo, wani na kulle bayanai. Masu fakitin nan kuwa ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin fitar da sabo suke. To aikin Mai Naci ke nan. Ya zagaya ya ga wanda aka sabunta, ya ɗauko, ya ɗora wa manhajar a gefe, ya bi ta da gwaje-gwaje. In komai ya tafi daidai ya kunna kore, in wani abu ya karye ya kunna ja. Daga nan sai mutum ya zo ya duba, ya danna a shigar.

Wannan dannawar ce Oga yake so a daina. Ya ce ɓata lokaci ne a ajiye babbar ma'aikaciya kamar Injiniya tana danna maɓalli duk Litinin kamar mai tsaron ƙofa, in kore ne Mai Naci ya shigar da abinsa da kansa kawai. Ƙarfe biyu zai kai maganar gaban manya. Ya tsaya a kan teburinta da makullan mota a hannu yana kaɗawa, ya ce ta ba shi adadin gwaje-gwajen da suke da su, yana so ya rubuta lamba mai cika ido a allo.

Ta ce to, ta gangara ƙasan shafin gwaje-gwajen. Ɗari huɗu da goma sha biyu sun wuce lafiya. Kusa da su kuma, da ƙaramin rubutu mai ruwan toka, an sa ɗaya an tsallake. Wannan ɗayan ya daɗe a wurin, ido ya saba da shi kamar tsagar bangon ɗakin da mutum ke kwana a ciki. Da ba lamba aka ce ta kawo ba, wallahi da ko yau ba za ta gan shi ba. Ta bari Oga ya wuce, sannan ta buɗe.

A saman gwajin akwai layi ɗaya da wani ya bari: "Na tsallake na ɗan lokaci. Zan dawo kansa gobe." Ta fara jan tsaki, don ta tsani irin wannan sakaci, sai ta ga sa hannun. Nata ne. Talatin da ɗaya ga Mayu, bara waccan, ƙarfe sha ɗaya saura. Wannan rana ba sai an tuna mata ba. Ranar ce ƙanwarta Auta ta haifi Bebi.

Nan take safiyar ta dawo mata. Umma ta kira sau uku tana cewa naƙuda ta yi nisa, ta zo. A daidai lokacin Mai Naci ya kawo sabon fakitin kalanda, wanda ke ɗauke da gyaran tsaro da Oga ya ce lallai a shigar a ranar, sai gwaji ɗaya ya kunna ja. Gwajin nan abin da yake yi bai da yawa: ya ɗauki kwanan watan ranar da ake ciki a matsayin ranar haihuwar yaro, ya ƙirga wata tara gaba, ya tabbatar an tsayar da ranar allurar ƙyanda. Ta dube shi da jaka a kafaɗa, ta ce wa kanta ai laifin gwajin ne, ƙarshen wata ne ya ruɗa shi, gobe ɗaya ga wata zai dawo hayyacinsa. Ta rufe masa baki, komai ya koma kore, ta danna, ta ruga asibiti. Goben kuwa tana can tana jigilar ruwan zafi da zannuwa. Jibi wani aiki ya taso. Shi ke nan, goben ta shige.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba komai. Amma Bebi tana da wata sha ɗaya ƙyanda ta kama ta, kwana tara suka yi a asibiti. A barandar ɗakin yara, nas ta buɗe katin ta ce ba a yi allurar wata tara ba. Mijin Auta yana tsaye, uwarsa tana zaune a benci. Auta ta ce saƙo bai zo ba, na baya duk sun zo kuma ta kai yarinyar, wannan ne bai zo ba. Injiniya kuwa ranta ya ɓaci, tsoro ya haɗu da jin kai, ta wanke ƙanwarta tas a gaban surukai. Ta ce ita ta gina abin nan da hannunta, ba ya mantuwa, mutum ne ke mantuwa, mutumin ma irin wanda ke yini da waya a hannu bai san abin da ke cikinta ba. Auta ta miƙo wayar tana kuka, ta ce ga ta, Yaya ta duba da kanta. Ko kallon wayar ba ta yi ba.

Kusan shekara ke nan. Ba su yi faɗa na biyu ba, ba su kuma shirya ba. In sun haɗu a gidan Umma a gaisa, ina wuni, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Auta ta daina zuwa da Bebi duk ranar da ta san Yaya za ta zo. Injiniya ta lura da haka, ya kuma ƙona mata rai, amma duk watannin nan ba ta taɓa shakkar cewa ita ce mai gaskiya ba. Sai yau, da wannan layi ɗaya a gabanta.

Ta goge tafin hannunta a jikin siket, ta cire tsallaken, ta saki gwajin. Daƙiƙa takwas yana juyi. Ya kunna kore.

Kai, ta ji daɗi. Ta jingina da kujera ta saki ajiyar zuciya har Dogo, abokin aikinta da teburinsu ke haɗe, ya ɗago ya tambaye ta ko an yi mata albishir ne. Ta ce babu komai. Ta tashi ta haɗa shayi. Ga shi nan ai, dama ta faɗa, gwajin ne ya yi shirme a ranar, manhajar lafiyarta ƙalau, Auta ce ta yi sake. Yanzu sai ta kai wa Oga ɗari huɗu da sha uku cif, babu ko ɗaya a gefe. Har ta rubuta lambar a 'yar takarda.

Amma shayin ya ƙi shiga. Ta ajiye kofin a kan firinta ta manta da shi. Ta je taga ta tsaya tana kallon masu ajiye motoci a ƙasa, ta dawo ta zauna, ta sake tashi ta ce za ta wanke hannu. A hanya ta wuce ƙofar Oga da takardar a dunƙule a hannunta, ba ta shiga ba. Da ta dawo, ƙafarta ta kama bugun ƙafar tebur, har kwamfutar Dogo na rawa. Ya ce Injiniya, in girgizar ƙasa ce a faɗa masa ya kwashe kayansa. Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan kusurwar allon, inda kwanan wata yake. Sha biyu ga Maris.

Ita ba yarinya ba ce a aikin nan, ta san abin da ta yi. Gwajin kwanan watan yau yake ɗauka. Sha biyu ga Maris in an ƙara wata tara sha biyu ga Disamba ne, rana ce da ke nan a kowace kalanda. Koren da ta samu bai wanke ta ba, tambayar ce ba ta yi masa ba. Talatin da ɗaya ga Mayu in an ƙara wata tara, talatin da ɗaya ga Fabrairu ake nema, ranar da Allah bai halitta ba.

Babu wanda ya san da wannan sai ita. In ta bar shi haka, gwajin zai yi ta kunna kore har ƙarshen Mayu, a lokacin kuma wa zai tuna wanda ya tsallake shi da farko? Ta yi wannan tunanin, ba za a ɓoye mata ba, ta yi shi sosai, kusan minti goma tana juya shi. Abin da ya hana ta ba tsoron Oga ba ne. Hannun Auta ne da ta riƙa gani a miƙe da waya.

Ta goge inda gwajin ke ɗaukar ranar yau, ta rubuta talatin da ɗaya ga Mayu da hannunta, ta saki. Ja.

Ta bi sawun abin, bai ma ɓuya ba. Tsohon fakitin kalanda in ya tarar ranar da ake nema babu ita a wata, sai ya ja baya zuwa ranar ƙarshe ya bayar. Sabon kuwa ya daina wannan, sai ya dawo hannu rabbana, ya bar wa mai manhaja ya zaɓi abin da yake so. Tasu manhajar in ta ga gurbin rana babu komai, ba ta ƙorafi, ba ta tura saƙo, wucewa take yi kan yaro na gaba. Masu fakitin ba su yi ha'inci ba, sun rubuta canjin ɓaro-ɓaro a saman bayaninsu. Mai Naci ma ya kwafo bayanin ya manna a ƙarƙashin buƙatar shigar da fakitin da ya turo a ranar, yana nan har yau, layi na biyu. Ba ta karanta ba. Tsakanin jan da ya kunna mata da dannawar da ta yi, minti sha ɗaya ne.

Ta ɗauki biro ta bi watanni ɗaya bayan ɗaya a bayan takardar Oga. Kwana biyar kacal a shekara abin ke shafa: ukun ƙarshe na Mayu, ƙarshen Yuli, ƙarshen Disamba. Alluran farko kuma da mako ake ƙirga su, ba da wata ba, shi ya sa suke zuwa lafiya, shi ya sa kowa ya yarda da manhajar ido rufe. Ta shiga rumbun bayanai ta nemi yaran da gurbin allurar wata taransu ke fanko. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Ba ta buƙaci neman suna ba, lambar wayar Auta a kanta take, ta gan ta a layi na bakwai.

Dogo ne ya fara ganin fuskarta. Ya turo kujerarsa ya karanta allon. Da ya gama sai ya ce a hankali ai irin wannan kowa ya taɓa yi, shi kansa yana da biyu a tsohon wurin aikinsa. Ta san lallashi ne, ta kuma ji haushin lallashin. Ta tashi ta nufi ofishin Oga, saura awa ɗaya taron.

Oga ya saurara har ƙarshe, makullan sun daina kaɗawa. Tambayarsa ta farko ita ce ko za a iya cewa Mai Naci ne ya shigar da canjin. Ba mugun mutum ba ne, rahoton da zai fi sauƙin rubutawa yake nema, ita ma yana so ya rufa mata asiri.

"A'a, Yallaɓai," ta ce. "Shi ya faɗa mini. Ni na rufe masa baki."

Ya daɗe yana kallon adadin yaran. Sannan ya ce maganar allo ta sha ruwa, abin da zai kai wa manya yau daban ne. A gyara yanzu, a tura wa iyayen nan ɗari biyu da sha huɗu saƙo kafin a tashi, a kuma ba asibitoci jerin sunayen su bi su da kira. Ya ce rahoton ita za ta rubuta, sunanta kuma zai fito a ciki. Ta ce ta sani.

Gyaran layi huɗu ne. Wannan ne ya fi ci mata rai, layi huɗu, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Dogo ya rubuta gwaji na musamman ga kowace ɗaya daga ranakun nan biyar, kowanne da kwanan watansa a kafe. Ita kuma ta shiga tsarin Mai Naci ta ƙara masa doka: muddin akwai gwaji ko ɗaya da aka tsallake, kada ya ƙara kunna wa kowa kore, ko da ita ce. Suka tsara kalmomin saƙon su biyu, suka goge sau huɗu. Oga ya ce ƙarfe huɗu a saki. Ta dubi agogo, uku da kwata. Ta roƙi Dogo ya ja mata lokaci ko kaɗan, tana so ta riga saƙon isa wani gida. Ya ce zai gwada, amma ta san Oga.

Hanya ta ƙi. Wata babbar mota ta mutu a kan gada, layi ya miƙe har inda ido ya tsaya. Ta zauna a bayan tasi tana tsara abin da za ta ce, duk wanda ta tsara sai ta ji ya yi kama da rahoto. Ta ciro waya za ta kira Auta, ta mayar. Ta sake cirowa. Direba ya tambaye ta ko mara lafiya gare ta, ta ce a'a, sannan ta ce e. Da ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, takalmin ofis na cin dugaduganta. Huɗu da minti ashirin ta ƙwanƙwasa ƙofar.

Auta ce ta buɗe, hannunta da kumfar wanki. Ba ta yi mamaki ba. Ta matsa gefe, Injiniya ta shiga. Ɗakin na nan yadda ta san shi, sai dai an ƙara ƙaramin keke mai ƙafa uku a bayan ƙofa. Bebi na zaune a tabarma ta ba su baya, tana cusa murafan kwalba a cikin gwangwani. Ta yi girma, har an yi mata kitso.

Suka gaisa a tsaye. Duk abin da ta tsara a tasi ya gudu. Auta ta goge hannu a zani, ta ɗauko waya daga kan talabijin. Tsohuwar wayar ce, mai tsagaggen gilashi, wadda mijinta ya daɗe da saya mata sabuwa a madadinta.

"Saƙonki ya iso, Yaya," ta ce. "Ɗazun nan. Wai a yi haƙuri, in ba a yi wa yarinya allurar ƙyanda ba a kai ta."

"Auta, ba ni wayar in duba."

Ta ba ta. Injiniya ta zauna a bakin kujera ta buɗe. Ba a goge ko ɗaya ba. Ga na mako shida, ga na mako goma, ga na mako sha huɗu, kowanne da ranarsa. Daga nan babu komai sai na yau. Ta san haka za ta gani, ta gani a rumbun bayanai tun da rana, amma duk da haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ƙasa, don abin da aka roƙe ta ke nan a barandar asibiti. Auta na tsaye tana kallonta har ta gama.

Ta faɗa mata duka, ba ta rage ba: jan da aka kunna mata, kiran Umma, layin da ta rubuta, minti sha ɗayan. Ta ce ba na'ura ba ce, ba kuma Auta ba ce, ita ce. Ta ce za ta je gaban mijinta da uwarsa ta maimaita, tunda a gabansu ta yi na farko. Ta nemi gafara, kunya kamar ta nutse. Auta ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta ce dama ita ta san bai zo ba, amma da aka yi ta faɗa mata, akwai ranakun da ita kanta ta fara zargin kanta, sai ta ɗauko wayar ta sake dubawa. Shi ya sa ta ƙi rabuwa da ita.

Injiniya ta juya wajen yarinyar, ta durƙusa ta gefen hagunta, ta kira ta. Bebi ta ci gaba da cusa murafanta. Ta sake kira, da ɗan ƙarfi, ta ce wa kanta ai ƙiwa ce, yarinya ta manta ta, da gaskiyarta.

"Zagayo ta dama, Yaya," in ji Auta. "Wancan kunnen ba ya ji tun ƙyandar."

Injiniya ta ɗago. Ta ce ba wanda ya gaya mata, ko Umma.

"Ni na hana. Na san abin da za ki ce."

Ta daɗe a durƙushe a wurin, wayar na hannunta. Sannan ta ja gwiwa ta zagaya tabarmar ta koma ta dama, ta kira sunan a hankali. Bebi ta juyo, ta ƙare mata kallo irin na baƙo, ta miƙa mata murfin kwalba ɗaya.